Kwamfutar Hussaina Mai Huci

Duk wanda ya taɓa neman a buga mashi takarda a Kankia ya san Hussaina da tsohuwar kwamfutarta. Da ita take ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta.

To, bara sai kwamfutar ta fara huci kamar injin markaɗe. In ka danna harafi, sai ka gama gaisawa da maƙwabci kafin ya fito. Yayanta Ɗahiru ya zo daga Kusada, ya ce, "Wannan tsohuwar ta gaji. Sayar da ita ki dawo gida."

"Yaya, kai da kake huci in ka hau keke, an sayar da kai?"

Ta buɗe wurin da ke nuna abin da ke aiki a ɓoye. Sai ga shi manhajar binciken ƙwayar cutar kwamfuta ta cinye ƙarfin injin kakaf. Ashe don tattalin batir, da an ɗauke wuta Hussaina take kashe kwamfutar. Binciken bai taɓa ƙarewa ba, kullum sabo yake farowa.

Ranar kasuwa, da ciniki ya fi yawa, ta rufe shago, ta kai kwamfutar wurin mai caji da sola, ta bar ta a kunne don binciken ya ƙare, ta zauna tana ɓarar gyaɗa. Masu takardu suka yi ta mita, ta ce su jira.

Da la'asar binciken ya ƙare, fankar kwamfutar ta yi tsit. Ta kira Ɗahiru, ta kara wayar a jikin kwamfutar.

"Ka ji wani abu?"

"A'a."

"To, ina nan Kankia."