Ni Na Ɗinke Buhunan Yashin

Kafin a fara kirana ɓarawo, ɗinkin buhu nake yi a kasuwar citta ta Kafanchan. Allura da zare ne jarina. Mamana ce ta koya mini, har da wani ƙulli nata na gefe da ba ya kwancewa. Ranar Lahadi kuma ni ke buga ganga a coci.

Wata damina, wani babban jami'i daga Abuja, ɗan yankinmu, ya kawo takin gwamnati na manoman citta. Oga muke ce masa. Aka kira ni sito, wai buhuna sun yage. Ashe ba yagewa ba ce. Ana ɗibar taki a cika da yashi, ni kuma in ɗinke baki. Na ce, "Oga, wannan fa na talakawa ne." Ya yi dariya ya ce, "Kai tela ne ko fasto?" Na zura zare. Da mudu ɗaya aka fara. Kafin shekara ta zagayo, rabin buhu yashi ne, ni kuwa har na sayi babur.

Ban taɓa tambayar inda buhunan ke zuwa ba. Sai ranar da Mama ta taso daga ƙauyenmu na wajen Gwantu, cittarta duk ta lalace a gona. Ta shimfiɗa buhun da babu komai a gabana, ta ɗora yatsa kan ƙullin.

"Hannun wane ne wannan?"

Na ce, "Haba Mama, masu ɗinki suna da yawa."

Ta daɗe tana kallona. Ko ruwa ba ta sha ba ta juya. Wannan ƙaryar ta fi satar ci mini rai.

Da asiri ya tonu, aka ɗaure Oga, aka ɗaure ni. Ina shekara ta uku ƙanwata ta kawo labari cewa Mama ta kwanta ciwo. Abu ɗaya nake roƙon Ubangiji: in durƙusa gabanta in ce, hannuna ne.

Sai aka ce shugaban ƙasa zai yi wa fursunoni sassauci. Muka kasa kunne a rediyon gandiroba. An rage wa Oga hukunci, zai koma gida. Sunana babu. Kai, ka ji surutu! 'Yan jam'iyyarsa suka ce jinƙai ne ga dattijo marar lafiya. 'Yan adawa suka ce zaɓe ake hange. Matasa suka ɗaga kwalaye a Sabon Tasha, dattawan garinsu kuwa suka yi taron godiya don an dawo musu da ɗansu. Sati biyu aka manta.

Na cika wa'adina daidai. Ƙanwata kaɗai ta zo ƙofar gidan yari, sai na gane Mama ta rasu. A mota ta faɗa mini cewa ranar da aka saki Oga, Mama ta sa an yi mata wanka, ta ɗaura zanin zumuntar matan coci, ta zauna bakin ƙofa. Ta ce, "Tunda an saki uban gida, yaro na nan tafe." Kwana uku tana zaman nan.

Na tuba, na koma gonarta ina noma. Matasa, in babba ya ce ku sa hannu a abin da ba ku so a gani, ku tashi ku bar wurin. Shi yana da masu kare shi a rediyo. Ni tsohuwa ɗaya ce ta jira ni, ban kuwa zo ba.