Telan da Ya Buɗa wa Kumburi Wando

Mahaifina tela ne, irin telolin nan da ba sa yarda a ɗora wa jiki laifi. In ka zo ka ce ka yi ƙiba, sai ya ce a'a, rigar ce ta yi rowa. Duk ɗinkin da ya yi sai ya bar rarar yadi a naɗe daga ciki, don a cewarsa ɗan Adam ba ya tsayawa inda aka auna shi. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin benen da muke zaune, taga ɗaya, da keken ɗinki mai feda wanda ya girme ni. Ni ce ƙaramar 'yarsa, kuma har na tara nawa 'ya'yan Auta yake kirana.

Idan rana ta karkata, haske yakan shigo ta tagar ya kwanta a kan teburin yanka, ɓurɓushin zare na yawo a cikinsa. A lokacin ne Baba ke yin nisa. Ƙafarsa na taka feda a hankali, hannunsa na bin yadi, amma shi yana can wani wuri. Ya taɓa gaya mini cewa yakan ga duk waɗanda ya taɓa aunawa suna wucewa ta bakin ƙofa, masu rai da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kowa sanye da aikinsa, kuma babu rigar da ta matse kowa. Marigayiya mahaifiyarmu takan ce gyangyaɗi ne kawai aka yi wa ado.

Ciwon ƙoda ya shige shi ba sallama, aka yi shekaru ana lallaɓawa. Wata rana likitarsa, wata mata mai magana ƙasa-ƙasa, ta ce ƙodar ba ta tace jini kamar da, har jinin ya ɗan yi tsami. Kaɗan ne, in ji ta, amma za a gwada wasu fararen ƙwayoyi masu kashe tsamin, dangin hodar nan da ake sa wa kek ya tashi. Ta ja mana kunne cewa akwai gishiri a cikinsu, in an ga kumburi a dawo. Baba ya yi ta gyaɗa kai, amma na san kafaɗar farar rigarta yake kallo, wadda a ganinsa an karkatar da ɗinkinta.

Daga nan na zama 'yar sandan ƙwaya. Yana sha yana gyatsa, yana mitar cikinsa ya zama ganga. Da aka sake awon jini aka ce tsamin ya ja baya, na yi murna har na kira yayyena na ba su labari.

Sai dai keken ya fara yin shiru. Daga sama nake jin sautinsa tun ina yarinya, da shi nake sanin Baba na nan lafiya. Yanzu sai ya yi ɗan gudu ya tsaya, shirun ya yi tsawo har in bar abin da nake yi in kasa kunne. Tsoro ya kama ni, domin na san ranar da keken nan ya yi shiru gaba ɗaya, mai shi ba zai jima ba.

"Baba, yaya ƙafar?"

"Lafiya lau. Kin ga wando ya matse?"

Bai matse ba kuwa. Ya sauka sumul har idon sawu, kamar kullum.

Ranar wanki ce ta tona. Na juya wandonsa zan shanya, sai na ga babu rara ko kaɗan, an warware tsohon ɗinki an bi da sabon zare. Na ɗauko wani, shi har ƙyalle aka ƙara masa daga gwiwa zuwa ƙasa, launin ya dace yadda sai ka ƙura ido za ka gane. Duk wandunansa haka suke.

Na sauka da wandon a hannu, na durƙusa na ɗage wanda ke jikinsa. Ƙafar ta cika tam tana sheƙi. Na danna da yatsa, ramin ya ƙi komawa.

"Baba, ba likita ta ce in an ga kumburi a dawo ba?"

"To wa ya gani?" Ya yi ɗan murmushi, sannan ya ce, "Auta, tun da nake wannan aiki ban taɓa ce wa ƙafa ta rage ba. Wando ake buɗawa."

Na rasa faɗa zan yi ko kuka. Ba ɓoyewa ya yi niyya ba. Abu ne ya matse, ya yi masa gyaran da ya iya.

Da muka koma asibiti na tafi da wandon, likitar ta daɗe tana juya shi kafin ta auna ƙirjin Baba. Ta ce gishirin ƙwayoyin ne ke riƙe masa ruwa, kuma ga mai shekarunsa da ɗan tsami irin wannan, ba kullum ne amfanin ke rinjayar wahalar ba. Sai ta tambaye shi me yake so ƙafar ta yi masa.

"Ta taka feda, 'yata. Ban roƙe ta komai ba bayan wannan."

Ta ce a dakata da ƙwayoyin, za ta riƙa bibiyar jinin. Kumburin ya saɓe sannu a hankali, amma ƙarfin da ya tafi bai dawo duka ba.

Wata la'asar na sauko na same shi ya sa yadi ƙarƙashin allura, ƙafarsa a kan feda. Ya taka, allurar ta yi 'yan taku ta tsaya. Ya sake, ta sake tsayawa. Bai ɗago ya dube ni ba. Na jawo kujera kusa da tasa, na ɗora ƙafata gefen tasa, na taka.

"A hankali, Auta, ba kora ake yi ba," ya ce, ya miƙa hannu ya daidaita yadin.

Muka ɗinke hannun rigar har ƙarshe. Bai ɗauke ƙafarsa daga fedar ba, ni ma ban ce ya ɗauke ba, ko da yake mu biyun mun san wadda ke takawa.