Baffa Ya Datse Mini Katakon Jirgi

Ina ɗaga ƙyallen kama iska sai jirgina na ruwa ya kama tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, bai tsaya ba sai cikin ciyawa. Mutanen bakin dam har da masu riƙe ciki don dariya.

Wata takwas na yi ina haɗa ɗan jirgin nan, wanda nake ɗorawa a amalanke in ja da mota daga ƙauyenmu. Yana da dogon katako da ake zurawa cikin ruwa ta ƙasansa, shi ke hana iska tura shi gefe. Da na duba, saura guntu!

Na koma na tambayi Baffa, ƙanin mahaifina, tunda a ƙofar gidansa nake ajiyewa.

Ya ce, "Ni na sa kafinta ya datse. Ina ka taɓa ganin kwalekwale da katako yana reto? Ragowar na yi wa akurkin kaji ƙofa da ita."

Na ce, "Haba Baffa, ai da ka tambaye ni!"

Ya ce, "Ji yaron nan. Ko na gode babu?"

Wallahi raina na tafasa na durƙusa na yi godiya. Ku gaya mini, idan babba ya yi maka ɓarna da sunan taimako, wa za ka kai wa ƙara?