Ƙwallon da ta Kuɓuce wa Autanmu

Mu biyar Inna ta haifa, ni ne babba a maza, shi ne auta. Duk a Zongo aka yanke mana cibiya, a gidan da kakanmu ya gina tun Kwatano ba ta cika haka ba. Fataucin goro ya kawo shi, ya zauna, ya mutu, kabarinsa na cikin garin nan. A gida Hausa muke yi, a titi yaren Fon, a lakwal, wato makarantar boko, Faransanci, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi mana nauyi a baki ba.

Akwai wani fili mai yashi kusa da layin dogo, inda manyan motoci ke jiran lodi daga tashar jirgin ruwa. Nan muke buga ƙwallo bayan la'asar. Kowane yaro raga yake nema, ban da Auta. Shi tsakiya yake tsayawa yana waige-waige kamar wanda ya saci kaza, har muna yi masa dariya. Sai daga baya na gane abin da yake yi: kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san wanda zai ba. Ba ya cin ƙwallo, ba ya yanka mai sa a yi ihu. Amma ranar da bai zo ba, duk sai mu rikice mu yi ta zagin juna.

Baba yana da shagon kayan gyaran mota a Vêdoko, kuma can yake so Auta ya zauna. Wata rana wani dattijo mai horar da wata ƙungiya ta cikin gari ya zo gidanmu. Kirista ne, amma ya cire takalmi a ƙofa, ya zauna a tabarma, ya karɓi goro. Ya ce da Baba, "Alhaji, yaron nan idonsa ya fi ƙafarsa, kuma irinsu ba su da yawa. Ka ba ni aronsa." Baba ya ce, "In zai bar salla, ban yarda ba." Dattijon ya ce shi da kansa zai riƙa kora shi masallaci. Haka aka yi kuwa.

Baba bai ga ƙarshen abin ba. Ya rasu Auta yana wasa a ƙungiyar nan, shagon ya watse, ni kuma na sa rawayar riga na hau zem, babur ɗin haya da ke jigilar garin nan. Daga ƙungiyar gida aka ɗauki Auta zuwa wata ƙasar Larabawa ta arewacin Afirka, daga can kuma zuwa Turai, wata ƙungiya ta rukuni na biyu a wani ƙaramin gari mai sanyi. Mutanen unguwa suna jin Turai sai su ɗauka ya faɗa rijiyar zinariya. Ni nake jin muryarsa a waya, na san ba haka ba ne. Ɗaki ɗaya, ba ya jin yarensu, azumi ya kama a lokacin da rana ba ta son faɗuwa. Ya ce mini, "Yaya, a nan ko ka yi atishawa ba mai ce maka komai." Duk da haka ya daure, ya zama shi ne mai riƙe musu tsakiya. Ya gyara wa Inna rufin gida, ya aurar da 'yan uwanmu mata biyu.

Sai ga kira daga ƙungiyar ƙasa. Ranar nan Zongo ta cika ta batse. Inna ta dafa shinkafa a tukwanen biki, ita da ko dokar wasan ba ta sani ba. Na raka shi wani ofis don kammala takardunsa, wani ma'aikaci ya juya katin shaidarsa gaba da baya, ya ce da Faransanci, "Wannan sunan naka, na nan ne kuwa?" Auta ya amsa masa da yaren Fon, tsaf, irin na tsofaffin kasuwa, har mutumin ya ƙyalƙyale da dariya ya buga hatimi. Auta ya fito yana dariya shi ma. Ni ban yi ba.

Shekarun da suka biyo baya sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Duk wasan ƙasa da shi ake farawa. In na ɗauki fasinja sai in ji yana yabonsa a bayana, bai san ƙanena ba ne. "Yaronmu na tsakiya, shi ne ƙashin bayan ƙungiyar." Yaronmu. Haka suke cewa, da Fon da Faransanci. A kasuwar Gbégamey, inda Inna ke da teburin kayan yaji da daddawa, akwai wata mai sayar da busasshen kifi da ke maƙwabtaka da ita tun muna goye. Duk ranar da aka ci wasa sai ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta yi rawa a gaban teburin Inna tana kiranta uwar zaki.

To, sai aka zo wasan ƙarshe na neman shiga gasar nahiya, a nan Kwatano, da wata maƙwabciyar ƙasa wadda rabin 'yan wasanta Hausa suke ji. Kunnen doki ma ya ishe mu. A lokacin gwiwar Auta ta dama ta kumbura. Likitan ƙungiyarsa ta Turai ya ce ya huta, mai horarwarsu na can ya ce in ya tafi ya dawo da rauni, kada ya zaci zai tarar da gurbinsa. Na ce masa a waya, "Auta, zauna. Ƙasa ba za ta rushe don wasa ɗaya ba."

Ya ce, "Yaya, in ban zo ba me za su ce? Za su ce ɗan Zongo ya gudu don da 'yan uwansa za a kara."

Ya zo. Aka yi masa allura a gwiwar ya shiga fili.

Ina cikin 'yan kallo da yammacin nan, rana tana dukan ƙeyata. Kafin a fara, da 'yan wasa suka jeru suna gaisawa, kyaftin ɗin baƙin ya rungume Auta. Tare suka zauna gida ɗaya a ƙasar Larabawa, tare suke shan ruwa da azumi. Ya ce masa wani abu a kunne, Auta ya yi dariya. Babban allon filin ya nuna su, talabijin ma ta nuna. Daga baya na tambaye shi me ya ce masa. Cewa ya yi, "Har yanzu ba ka iya dafa shinkafa ba?" Shi ke nan.

Ban taɓa ganin Auta ya yi wasa irin na ranar ba. Ya tare, ya ƙwace, ya raba, yana ɗingishi in ƙwallo ta yi nisa, yana gudu in ta matso. Aka tafi hutu ba ci, aka dawo ba ci. Ana dab da tashi, mai tsaron bayanmu da ya ga an matsa masa sai ya tura wa Auta ƙwallo a gaggauce, mutum biyu na kansa. Ya karɓa zai juya kamar yadda ya saba tun yana yaro, gwiwar ta ƙi. Na ga ta lanƙwashe daga inda nake. Ya faɗi, aka ɗauke ƙwallon, taɓawa biyu ta shiga raga.

Sai wani mutum a gefena, wanda muka raba ruwan leda da shi ɗazu, ya miƙe ya ce, "Ya sayar da mu! Ba ku ga suna dariya ba?" Kafin a busa tashi, maganar ta zagaye filin. Aka fito da Auta a kan gadon ɗaukar majinyata ana jifansa da ledojin ruwa. Na tsaya da rigar ƙasa a jikina mai lambarsa a baya. Na tuɓe ta na cusa cikin wando, don in isa gida da raina.

Washegari dole na fita aiki. Fasinja na farko, wani mai kwat da jaka, tun kafin mu kai shataletale ya fara. "Laifinmu ne da muke ba baƙi rigar ƙasa. Mutanen nan jininsu yana can." Na taka birki na ce ya sauka. Ya ce me ya faru, na ce babur ya lalace. Na biyu mace ce, ita ma haka. A rediyo, a shirin da ake buga waya, wani ya ce a binciki takardun haihuwarsa, wani ya ce ai an ga wanda ya ga kuɗin. Mai tsaron bayan da ya ba shi muguwar ƙwallon, ba wanda ya ambaci sunansa. Ba na so a zage shi, yaron kirki ne. Amma na lura.

Inna ta je kasuwa kamar kullum, don ita ba ta ga abin ɓuya ba. Mai kifin nan ba ta amsa gaisuwarta ba. Da rana ta ɗaga, ta ce da wata mai ciniki, da ƙarfi yadda Inna za ta ji, "Kura ko ta shekara a gidanka, daji take tunani." Inna ta rufe teburinta ta dawo gida a ƙafa. Ta zauna a tsakar gida da mayafinta ba ta cire ba, ta ce mini, "Ni na yi mata wankan jego da ta haifi ɗanta na fari. Uwarta ba ta nan, ni na yi." Ba ta ƙara komawa Gbégamey ba.

Zongo ma ba ta yi mana abin a zo a gani ba. Wasu 'yan kasuwa da suka zo daga waccan ƙasar suka riƙa tsokanata a bakin masallaci, "Ka gaida mana ɗanmu, ya yi zumunci." Su wasa suke yi. Manyan unguwa kuwa, waɗanda suka sha ɗaukar hoto da shi, da na ce su fito su yi magana ko a rediyo ne, sai suka ce a yi haƙuri, kada a ja wa unguwa ido, ƙura za ta lafa.

Ta lafa kuwa. Bayan 'yan watanni kowa ya koma harkarsa. Ba a tuhumi Auta da komai ba, ba a kuma wanke shi ba. Sunansa kawai ya daina fitowa in an kira 'yan wasa. Ba wanda ya buga masa waya ya ce an gode, ko ya tambayi gwiwar. A Turai aka yi masa aiki, kafin ya warke an sa wani a gurbinsa, kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Ya gwada wata ƙaramar ƙungiya, gwiwar ta sake tashi, aka sake yanka ta. Ya tattaro kayansa ya dawo gida a shekarun da sa'o'insa ke tsakiyar ganiyarsu.

Bai iya zaman Zongo ba, kowa ya san fuskarsa. Ya sayi ɗan fili a Abomey-Calavi, can bayan jami'a, ya gina gida da shagon sayar da daskararren kifi da kaji. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, can ya ɗauke ta, a hannunsa ta cika.

Shi ya yafe, ko dai haka yake cewa. In ƙasa na wasa yana kunna talabijin a shago, har ya riƙa yi wa yaran tsakiya faɗa ta gilashi, "Waiga mana! Waiga kafin ta zo!" Ni tashi nake yi in fita waje. Ya taɓa ce mini, "Yaya, kai da ba kai aka jefa ba, ka fi ni riƙo." Na ce masa e, na fi shi, kuma ban ga ranar dainawa ba.

Juma'ar da ta wuce na je wurinsa muka tafi masallaci tare. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa yanzu sam. Ya ɗauko kujerar roba daga shago ya rataya a kafaɗa, muka taka a hankali. A masallacin akwai gefe guda da ake jera wa tsofaffi kujeru, nan ya ajiye tasa tsakanin wani makaho da wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki. Ko furfura ɗaya babu a gemunsa. Da liman ya yi sujada na kai goshina ƙasa, shi kuma ya ɗan sunkuyar da kai daga zaune. Bayan an sallame dattijon ya dube shi ya ce, "Yaro, haɗarin babur ne?"

Auta ya ce, "E, Baba, kusan haka."

Ya ɗauki kujerarsa muka koma shago, don motar kifi ta iso tana jira a sauke.