Sallamar da Ruwa ke Haɗiyewa

'Yata ta fari tana aikin kwamfuta a wani ofis a Yelwa, ƙanenta kuma shi ke tsaron reshensu na Warra. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma idan na kai mata fura nakan zauna in kalli allon.

Kowace safiya kwamfutarta takan aika wa ta Warra ɗan saƙo, kamar sallama. In an amsa, allo ya yi kore. In ba a amsa ba, ya yi ja, a ce ta Warra ta mutu. Sau da yawa maigidansu ya tura mutum har can, ya tarar da ita lafiya lau. Saƙon ne ke ɓacewa a hanya, musamman in hadari ya taso kan babban tafkin da ke tsakanin garuruwan biyu.

"Inna, sallama guda take yi ta juya," in ji ta. "Wa ka yin haka ƙofar gidan mutane?"

Sai ta gyara gwajin, ya riƙa maimaita sallama yana saurarawa, kuma ko amsa ɗaya ta dawo an ɗauka da rai. Tun daga nan ja ya yi wuyar gani.

Ban yi mamakin ɓatan saƙon ba. Ƙauyen da aka haife ni yana ƙarƙashin ruwan nan tun da aka datse kogi. Masunta sun ce kan wurin, in ka kira ɗan'uwanka, muryar ba ta ƙetarewa.

Wata damina ƙanen nata ya kwana gida, ya shiga jirgin ruwa na safe zai koma Warra. Kafin azahar labari ya zo cewa iska ta kifar da jirgi, ba a san wanne ba. Na tafi ofis ban ko ɗaura kallabi daidai ba. Yaron kaɗai ke da makullin janaretan Warra. In kwamfutar Warra ta amsa, ya isa.

Muka zauna. Sallama na fita, shiru na dawowa, layi bayan layi. Ruwa na dukan kwano. Maƙwabciyarmu da ta biyo ni ta fara salati a hankali.

"Ki bari tukuna," na ce mata. "Kwamfutar ba ta gama ba."

Sai layi ɗaya ya canza, allo ya yi kore. 'Yata ta kifa kai a kan tebur.

Washegari yaron ya shigo gida, riga duk laka. Jirginsu ya fake cikin ciyawa a wani tsibiri, can suka kwana. Na ce to wa ya tayar da janareta? Ya dube ni. Ya ce bai kai Warra ba, kuma ko ya kai, babu mai a ciki tun shekaranjiya.

'Yata ta ce wataƙila tsohuwar amsa ce ta makara a hanya, ba ta ko ɗaga ido ba. Na tambaye shi wane tsibiri. Da ya kwatanta, na gane tudun da ke bayan gidanmu na da. Na tashi na ɗora masa ruwan wanka.