Hatimin Likita Dobrila

Shekara talatin da ɗaya Likita Dobrila Stanojev ta yi tana duba masu borin jini da asma a ɗaki na ƙarshe na asibitin garinmu, wanda tagarsa ke kallon gonakin masara. Mace ce gajera mai sanyin murya, ba wanda ya taɓa ganin ta cikin gaggawa.

Duk bayan shekara bakwai ƙungiyar likitoci kan sabunta wa kowa lasisi, amma sai in ya tara maki daga tarukan ƙara ilimi. Babban taron 'yan fanninta kuwa a Belgrade ake yin sa cikin Satumba, daidai lokacin da ciyawar ambroziya ke fure, rabin gari na atishawa, yara na numfashi da kyar. Da can akwai wani likita da suke karɓa-karɓa. Tun da ya koma Jamus sai ta zama ita kaɗai, ba ta kuma iya barin layin da ke bakin ƙofarta.

Sai ta samo dabara. Da hunturu, in aiki ya lafa, takan hau bas ta ƙetara iyaka zuwa Szeged, ta zauna taron likitocin Hungary daga farko har ƙarshe, tunda yarensu a bakin kakarta ta koya. Takardun shaidar da suke ba ta kuwa tana adana su cikin gwangwanin biskit, tana jiran ranar sabuntawa.

Ranar ta zo, ta kai su ofishin ƙungiyar a Novi Sad. Matar da ke karɓar takardu ta jujjuya su, ta turo mata abinta.

"Mama, waɗannan ai na ƙasar waje ne. Kowace a shekararta ake kawo ta, da fassara da hatimin tafinta. Lokacinsu ya wuce."

"Amma na zauna, 'yata. Littafi uku na cika da rubutu."

"Na yarda. Ba ni na kafa dokar ba."

Abin da ya rage shi ne jarrabawa, sai watan Afrilu. Kafin nan hatiminta na likita zai kwana a aljihun teburin shugaban asibiti. An bar ta tana zuwa tana shirya katunan marasa lafiya, amma ba rubuta magani, ba taɓa allura.

Akwai Kosta Pejin, mai kiwon zuma, wanda suka yi aji ɗaya a firamare. Shekara uku da suka wuce ƙudan zuma guda ya harbe shi a wuya, aka kawo shi kwance a bayan tarakta, leɓe ya yi shuɗi. Tun daga nan duk wata take yi masa allurar dafin zuma kaɗan-kaɗan don jikinsa ya saba. Shekara biyar ake yi, ba a so a tsallake.

Ya shigo ranar Talata kamar kullum, ya cire hula, ya naɗe hannun riga.

"To, tsohuwa, soke ni in tafi."

"Saukar da hannunka, Kosta. Ka ji abin da ya faru."

"Na ji a kasuwa. Wai an ce ba ki da ilimi. Na ce ai ni na sani tun muna aji uku."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa wata 'yar takarda.

"Na yi maka magana da wani likita a Novi Sad. Talatar farko ta kowane wata."

"Bas biyu ke nan zuwa, biyu dawowa. Wa zai zauna da Milka?" Matarsa ke nan, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita tun bara. Ya rage murya. "Kwalbar tana cikin firjin can, ina ganin ta. Hannun nan dai naki ne. Wa zai sani?"

Ta daɗe tana kallon firjin.

"In jikinka ya tashi fa? Ranar da za ka faɗi a kan kujerar nan, dole in zama likita, ba mai shirya kati ba."

Ya sauke hannun rigar, ya ɓalla maɓalli a hankali, ya tafi.

Sau ɗaya ya je Novi Sad. Da ya dawo ya tarar Milka ta faɗo daga gado, ta yi awa biyu a ƙasa. Bai sake zuwa ba.

Dobrila ta yi hunturun tana karatu da gilashi biyu, ɗaya bisa ɗaya. A Afrilu ta zauna gaban mutum uku, babbansu a haihuwa bai wuce shekarun aikinta da yawa ba, ta amsa duk abin da suka tambaya. Aka mayar mata da hatimi.

Da yammacin ranar ta taka har gidan Kosta, ta gaya masa wata shida ba allura ya yi yawa, sai dai su koma farko, mako-mako. Yana zaune a bakin ƙofa yana feraye dankali. Ya nuna mata bayan gida da wuƙar. Ba komai sai tubalan da amyoyin zuman ke zama a kai, layi-layi cikin ciyawa.

"Wani mutumin Sombor ya saye su, ya kwashe shekaranjiya, kafin ƙudan su fara fita," ya ce. "Bar allurarki, Dobrila. Shigo ki gaida Milka."