Haladu Bai Taɓa Fasa Komai Ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai ƙanena Haladu makwancinsa, a wani ƙauye da ke gefen Gubuchi a ƙasar Makarfi. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ɗauki biro, in sake ajiyewa. Bana ban ajiye ba, domin tashar da ta nuna shirin da na rubuta ta dawo da shi, har na ji mai gabatarwa yana cewa wannan shiri ya mutunta masu lalurar otizim. Ni na rubuta shi, na san yadda aka yi. Ba zan faɗi sunan shirin ba, ko na tashar, ko na wanda ya fito a ciki. Wanda ya kalla zai gane.

Shekara huɗu na ba Haladu. Bai yi magana ba sai da ya kusa shekara shida, kuma har ya rasu yana da ashirin da takwas maganarsa ba ta da yawa. Ba ya kallon idon mutum. In abu ya dame shi sai ya toshe kunnuwa da tafin hannu, ya durƙusa yana rangaji gaba da baya, yana wani gunji a maƙogwaro. A ƙauye wasu suka ce ɗan ruwa ne, wasu suka ce wawa ne kawai. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi wurin masu ruƙiyya. Sai da ya zama saurayi wata likita a Zariya ta faɗa mana sunan abin, otizim. Ta ce ba aljani ba ne, ba hauka ba ne, haka Allah ya yi ƙwaƙwalwarsa, kuma ƙara mai ƙarfi tana shigarsa kamar yadda allura take shiga naman mutum. Ni na raka su ranar, ni na sake yi wa Inna, mahaifiyarmu, bayani a mota. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, kada can gaba ya yi mini uzurin rashin sani.

Haladu yana da sana'a. Malam Tanimu, wani dattijo mai yin mazarƙwaila a bayan gari, shi ya ɗauke shi. Injin matsa raken Malam Tanimu doki ne ke juya shi, ba ya ƙara sai ɗan kukan ƙarfe iri ɗaya daga safe har yamma, wannan kuwa bai dame shi ba. Aikinsa tsayuwa a bakin kasko yana kallon ruwan rake yana tafasa. In ya kai, sai ya ce, "Ya yi." Ba a yi masa musu. Sannan ya jera ƙananan kwanonin da ake zubawa a ciki, layi-layi, ko ɗaya ba ya fita daga sahu. Ya dawo gida da la'asar yana ƙamshin suga da hayaƙi, ya ci tuwo a kwanonsa a gindin turmi, inda yake zama tun yana yaro. Rayuwarsa ke nan, kuma ban ga abin da ya rage ta da shi ba.

Ni kuwa ina Kano ina rubuta wa masu shirya wasan talabijin labari. Wata shekara daraktan da nake wa aiki ya ce yana son shiri mai dogon zango a kan wasu mutane masu baiwar da ta fi ƙarfin ɗan'adam. Muka samu mai ɓacewa, muka samu mai jin abin da ke zuciyar mutane, ya ce saura guda wanda zai sa mata kuka. Na ce ina da shi a gida. Haka aka haifi Mai Tsawa, saurayin da ba ya magana, wanda in hayaniya ta yi masa yawa sai ya toshe kunne, ya durƙusa, ya yi rangaji, sannan ya kurma ihu, gilasai su farfashe, ƙarfe ya lanƙwashe, azzalumai su zube.

Ɗan wasan da aka ba rawar ya kasa. Yana yi sai ka ga mashayi ko mai farfaɗiya. Sai na ɗauko shi muka zo ƙauye don ya ga abin da idonsa. Kwana biyu muna bin Haladu daga gida zuwa wurin mazarƙwaila, lafiyarsa ƙalau, ba abin gani. A rana ta uku, da za mu koma, Inna ta tafi barka maƙwabta. Haladu yana zaune a gindin turmi yana cin abinci. Na ɗauko tire da murfin tukunya, na zagaya bayansa, na haɗa su da ƙarfi daidai kunnensa.

Kwanon ya kife. Ya durƙusa, ya toshe kunnuwa, ya fara rangaji. Ɗan wasan yana riƙe da waya yana ɗauka, ya ce, "Malam, ƙara kaɗan, ban samu hannun ba." Na ƙara. Na yi ta ƙarawa har na ga ƙasar da yake durƙushe a kai ta jiƙe. A cikin gunjin nan na ji ya ce, "Yaya, bari." Ba kasafai yake haɗa kalma biyu ba. Na tuna har na juya na tambayi ɗan wasan ko ya samu wannan ma.

Da Inna ta dawo ta tarar da shi a bayan rumbu. Ta ɗebi ruwa ta kai masa, ta ɗauko masa wani wando. Mu kuma muka kama hanyar Kano.

Shirin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Yara suka riƙa kwaikwayon Mai Tsawa a makarantu, 'yan mata suka sa hotonsa a waya. Aka gayyace ni hira, aka tambaye ni ina na samo shi, ni kuma daɗi ya kwashe ni. Na ce ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, na faɗi ƙasarmu, na faɗi sana'arsa. Da bakina na yi wa mutane kwatancen inda za su same shi.

Sau ɗaya Haladu ya ga shirin. Na kawo talabijin gida da sallah, maƙwabta suka cika tsakar gida da hantsi ana maimaita shirin. Haladu yana wucewa aka zo wurin da Mai Tsawa ya durƙusa. Sai ya tsaya. Ya ratsa mutane, ya je gaban akwatin, ya ɗora tafukansa biyu a kan gilashin, daidai kunnuwan ɗan wasan, yana taya shi toshewa. Tsakar gida ta kwashe da dariya, da ni a ciki. Inna ce kaɗai ta tashi ta shige ɗaki.

Daga nan aka fara. Mutumin da ya yi shekaru yana bin hanyarsa ba mai kula shi, sai ga samari suna tare shi. Su buga gwangwani, 'yan acaɓa su danna masa ham, su ja baya suna ihu wai kada gilashin babur ya fashe. Ba wanda ya yarda da gaske cewa zai fasa wani abu. Durƙusawar suke so, domin ta yi daidai da ta talabijin, su ɗauka a waya su tura. Ɗaya daga cikin hotunan ya iso har ofishinmu a Kano, darakta ya nuna mini yana murna, ya ce wannan talla ce ta kyauta. Malam Tanimu ya sha bin su da sandar rake, ya kuma aiko mini da saƙo. Inna ta sa aka kira mata ni a waya har sau biyu. Ta ce, "Ka fito a akwatin nan ka ce musu ƙarya ka yi. Yaron nan ya daina cin abinci." Na ce mata yayi ne, zai wuce. A lokacin muna tsakiyar rubuta zango na biyu, ban ga yadda zan fito in rushe abin da ya ɗaga ni ba.

Ranar kasuwar Makarfi Malam Tanimu ya tafi da Haladu, domin shi ke jera mazarƙwaila a rumfa. Da aka kira azahar dattijon ya bar shi yana gadi ya tafi masallaci. Samari suka zagaye Haladu da gwangwanaye da galan, wani ya kawo babur har cikin rumfar yana murza shi. Wannan karon bai durƙusa ba. Ya tashi a guje, hannuwa a kunne, ido a rufe, ya faɗa titi. Motar ɗaukar rake ce ta zo. Direban ya yi ta danna ham, abin da duk direba zai yi ke nan, bai san ham ɗin ne ya hana Haladu buɗe ido ba.

Ba a kama kowa ba. Aka ce ƙaddara ce, aka ce wasa ne ya zo da ajali. Wasu daga cikin samarin har suka zo gaisuwa suka zauna a tabarma, aka kawo musu ruwa, aka shafa fatiha tare. Ban kore su ba, don na san wa ya fara buga ƙarfe a kunnen Haladu. Da na shiga wurin Inna na durƙusa, ta dube ni, idonta a bushe, ta ce, "Ka samu abin rubutawa?"

Ni ne ɗanta na fari, kuma a al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Daga ranar ta fara kirana da shi kai tsaye, kamar yadda take kiran ɗan kowa. Shekara uku ta yi bayansa, tana amsa gaisuwata, tana sa a ba ni abinci, ba ta sake jin kunyata ba har ta koma ga Allah.

Ran sadakar ukun Haladu darakta ya zo da buhun shinkafa. Da zai tafi ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya, ya ce Allah ya ji ƙan mamaci, amma in duba, ƙarshen zango na biyu ya samu. Da zan ce na mare shi, da masu karatu sun ɗan samu sauƙi. Ban mare shi ba. Na rubuta. Mai Tsawa ya mutu a tsakiyar kasuwa, ya tare babbar mota da ihunsa ya ceci jama'a, aka sa kiɗa mai taushi. Mutane suka yi kuka, aka ba ni lambar yabo a wani otal, na hau dandamali na ce na sadaukar da ita ga ƙanena, aka tafa.

Yau abubuwa sun sauya, ko dai an ce sun sauya. Sunan lalurar ya shiga bakin 'yan boko, ana taro a kanta a Kaduna, ana kirana in yi jawabi a matsayin wanda ya wayar da kai. Nakan tambayi kaina me Haladu zai ce da ya ga wannan. Ina jin ba zai ce komai ba. Zai ga ɗakin taro cike da lasifika da tafi, ya nemi ƙofa. Ba mu taɓa son sa yadda yake ba. Sai da muka ɗora masa ikon fasa gilashi kafin muka ga ya isa a kalla, kuma ko a nan ba shi muka kalla ba, wahalarsa muka kalla, don ita ce mai kyau a hoto. Tsayuwarsa a bakin kasko ta shekara goma sha ɗaya ba ta samu ko minti ɗaya a shirin ba. Na gwada sawa, darakta ya ce za a yi barci, na cire.

Watan jiya na je ɗaurin aure Kudan. Ina jiran mota sai wata mata ta matso, riƙe da hannun yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce an nuna mata ni, ni ne na rubuta Mai Tsawa. Ta yi ta sa mini albarka. Ta ce da can mijinta ba ya ko kallon yarinyar, amma tunda aka dawo da shirin ya ce ashe baiwa ce a gidansa. Yanzu kullum da safe shi da kansa yake kai ta ɗakin injin niƙa, ya zaunar da ita kusa da injin, ya riƙe mata hannuwa kada ta toshe kunne, wai don abin ya yi saurin fitowa. Yarinyar tana kallon ƙasa. Na ga shatin yatsu a wuyan hannunta.

"Malam," in ji matar, "naku shekara nawa ya yi kafin tasa ta fito?"

A nan bakin tasha, gaban masu sayar da albasa, na faɗa mata abin da Inna ta roƙe ni in faɗa wa duniya na ƙi. Na ce ƙarya na yi. Na ce ƙanena bai taɓa fasa ko kofi ba, ƙarar nan ciwo take yi masa, kuma ita ta kashe shi. Na ce don Allah a daina kai yarinyar nan wurin injin.

Ta dube ni. Na zaci za ta zage ni, na ma fi son haka. Sai ta gyara mayafinta, ta ja yarinyar jikinta, ta ce, "To, in ba ta da komai, me zan ce wa ubanta?"

Ina nan tsaye har motarsu ta cika ta tashi. Abin da ya rage na Haladu a duniya bayan shekara bakwai ke nan: kabari a gefen Gubuchi da ni kaɗai nake ziyarta, da ƙaryar da na yi da sunansa, wadda ta fi shi tsawon rai, tana can tana aiki a gidan wasu. Allah ya ji ƙansa, ya ba shi shirun da muka hana shi. Ni kuwa ban roƙi kowa ya ce amin a kaina ba.